Allin Bayan Ƙofa

A bayan ƙofar shagona a Aboabo
akwai zanen alli, layi-layi.
Kowane layi rana ce da ɓarin kaina ya cinye:
hasken taga ya zama allura,
na bar keke da rigar mutane a baki,
na ja labule, na rungumi bokiti.

Rajab: goma sha uku.

Likita Agyeman ba ta yi mini alkawari ba.
Ta ce ƙwaya ɗaya kowane dare,
da ciwo ko babu,
kamar zubin adashin da ba a faɗi ranar kwasa ba.

Watan farko da barci na biya.
Asuba ta wuce ni sau huɗu,
bakina ya bushe kamar ƙanzo,
siket ɗin da na ɗinka wa kaina ya ƙi ƙugu.
Maman Fuseina ta ce in zubar, in jiƙa saiwa.
Saura ƙiris.

Sha'aban: goma sha ɗaya.
Azumi: takwas.
Watan jiya: biyar.

Biyar ba babu ba ce.
Shekaranjiya ma ya zo, ya zauna bayan idon hagu
kamar mai bin bashin da ya san gida.
Amma kwana takwas sun dawo hannuna.
A cikinsu na gama ankon sunan ɗan Memuna,
na ratsa Kejetia da tsakar rana ba tabarau.

Sidi arba'in a wata, da jiki mai nauyi.
Ban goge ƙofar ba tukuna.