Kunnen Bawa

Habila, ɗan ƙanena,
ka dawo daga birni da waya a hannu,
ka same ni ina yaɓen rumbu bayan majami'a.
Ka ce, "Baba Nomau, albishirinka!
Manyan ƙasashe sun ji kukanmu,
wai za su turo jiragen yaƙi saboda mu."
Ban ce goro ba.
Na wanke hannu a kasko,
na ce ka zauna.

Kakanka Jatau ma an yi masa albishir.
Yana tsakiyar huɗa a nan Gani aka ɗauke shi,
aka sa masa kaki, aka kai shi dajin Bama,
yaƙin da bai san mafarinsa ba.
Ya dawo da lambar ƙarfe da tari.
Lambar na nan cikin adakar gwaggonka,
tarin ne ya raka shi kushewa.
Su ma da suka fara zuwa,
cewa suka yi zalunci suka zo hanawa.
Da suka gama hanawa, sai ga takardar haraji,
sai ga sikelin gyaɗa
wanda bai taɓa karkata wajen manomi ba.
Yaro, kura ba ta raka akuya gida don zumunci.

Ban ce ba mu sha wuya ba.
Na san filin da aka hana mu ginawa,
na san sunan da ake jifan mu da shi ran kasuwa.
Shekarar da aka ƙone mana rufi,
ni na kwashe tokar bencina da tafin nan,
na yi wata uku addu'a ba ta wuce maƙogwarona.

Amma duba can, bayan marke.
Gonar Malam Sabi'u ke nan.
Tsakanina da shi gamba ce, layi ɗaya tak.
Rijiya ɗaya, guga ɗaya.
Daren da naƙuda ta juye wa Saratu,
babur ɗinsa ne ya kai ta Sumaila cikin ruwa.
Wanda ke can ƙololuwa cikin jirgi,
zai hango gambar nan?
Bam yana tambayar suna kafin ya faɗo?
Yana da hancin da zai rarrabe
hayaƙin murhunmu da na matarsa?

Ka tuna daren da aka zo kama Ubangijinmu a lambu.
Nasa ne ya zare takobi, don ƙauna kuwa ya zare.
Wa ya sara?
Ba manyan da suka yi aiken ba,
suna gida suna jin ɗumi.
Bawa ya sara, ɗan aike.
Kullum kunnen bawa ne ke faɗuwa ƙasa.
Shi kuwa, da hannun da ake shirin ɗaurewa,
ya taɓa wurin, ya warkar.
Rundunar sama na jiran kira ɗaya daga bakinsa,
bai yi kiran ba.

To ni wane ne, mai laka har gwiwar hannu,
da zan kira rundunar ƙetare da sunansa?
Gicciyen da na sani a kafaɗa ake ɗaukarsa,
ba a fenta shi a jikin jirgi.

Haƙƙinmu za mu nema, ba mu fasa ba.
Mu je gaban hakimi, mu je kotu,
mu faɗa, mu sake faɗa, har murya ta dushe.
Wanda yake ƙaunarmu daga nesa
ya tsaya mana da bakinsa,
ya bar wutarsa a gida.

Sa wayar nan a aljihu, miƙo min laka.
In an sauko daga la'asar Sabi'u zai zo da yaransa.
Jinkar rumbun nan
ba ta ɗaguwa da mutanen gida ɗaya.