Bashin Rana

A Mai Wurno, ranar da na sayar da maruƙana biyu
na ɗauko faranti huɗu daga Sinnar a bayan a-kori-kura,
unguwa ta fito kallo kamar an kamo kura.

Zailani mai shayi ya ce, "Baƙin gilashi?
Da kuɗinka ka sayo madubin da ba ya nuna fuska."
Gwaggo Tamadina ta tofa tata: "Rana ba ta ƙodago,
wanda ya ɗaure ta a rufi, wata rana za ta ci rufin."
Ƙanena ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa:
"Ka jira gwamnati, Yaya, ga waya can a kan turke."
Na ce ina ganinta.
Kurciyoyi kaɗai ke cin moriyarta.

Ban yi musu ba. Na hau tsani.

Wata uku babu man dizal,
injunan bakin Nilu suka yi gum,
albasar maƙwabta ta kwanta a kwami,
tawa tana shan ruwa tun hantsi,
famfo na kurɓa ba hayaƙi, ba tari.

Sai ga Zailani da waya a hannu,
yana tambayar lafiyar iyali har sau uku
kafin ya kalli soket.
Gwaggo ba ta zo ba. Jikarta ta aiko
da allurar ciwon suga a ƙunshe cikin gyale:
wai a ajiye mata a firji,
wai kada a ce ita ce.

Ba zan ɓoye ba, abin yana da nasa hali.
Batir na tsufa kamar gwiwa.
Kullum da asuba ni ne mai goge kashin tattabaru.
Ran da hadari ya haɗo, fanka ta yi kasala,
matata ta dube ni, ta dubi turken maruƙa.

Yanzu gardamar ta koma inuwar masallaci.
Wani ya ce kowa ya yi nasa, a huta da jira.
Wani ya ce to wanda ba shi da maraƙi fa?
Wannan tambayar ta bi ni gida,
ta kwana a bakin ƙofata, ba ta tafi ba.

Kakana ya taso daga yamma da ƙafa,
Makka a bakinsa, gora a kafaɗa.
Ranar nan ta gasa masa ƙeya wata da watanni,
ta shanye ruwan gorar, ta kashe masa jaki,
har ya yada sanda a gaɓar nan.

Shi ya sa in azahar ta take
na ji ruwa yana gudu a cikin tiyo,
ba na cewa kyauta ce.
Tsohon bashi ne ake biya,
kuma ba ni kaɗai ne magaji ba.

Gobe zan ja waya zuwa ɗakin Gwaggo.
Ƙwai ɗaya. Ta ce rana, ta ce aljani,
ta dai ga ramin allura.