Mai Gadin Ɗakin Hotuna a Jakarta

Ƙarfe tara nake kashe fitilu,
in bar guda ɗaya a bangon kudu.
Da can siton barkono ne da kanumfari,
yanzu fari fat, ba ya ƙanshin komai
sai sabon fenti da sanyin na'ura.

Hotuna ashirin da uku Wening ta rataye,
ni na riƙe mata tsani.
Ta ce, Pak Darsim, ɗaga hagun kaɗan.
Na ɗaga.
Ta ce ya yi yawa.

A na farko, bene mai hawa hamsin
ya kife da ka cikin baƙin ruwan kwata,
mataccen kifi yana yawo a hawa na talatin.
A na bakwai, zalɓe ne tsaye da ƙafa ɗaya
bisa keken kanti da laka ta ci rabinsa,
ya zuba wa gari ido kamar mai bin bashi.
Akwai wanda saiwar itace ta tsaga katangar banki
sannu a hankali, ba guduma, ba takardar izini.

Masu zuwa da rana sukan tsaya nesa,
hannu a baya, wuya a karkace.
Wani mai tabarau ya ce yaƙi ne
tsakanin siminti da ganye.
Wening ta yi murmushi,
ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba,
tana ta murza murfin kyamara a aljihu.

Na goma sha shida nawa ne.
Ban gaya mata ba.

Muara Baru da asuba.
Teku kwance lumui, kamar ba ta taɓa cin kowa ba,
can baya dogayen gidaje sun jeru cikin hazo,
a gaba kuma rufin kwano uku
sun leƙo daga ruwa.
Na tsakiya, mai tsatsa a kusurwa,
da hannuna na buga shi
shekarar da aka haifi Sumiyati.
A ƙarƙashinsa akwai koriyar ƙofa,
akwai ƙusar da nake rataye koma,
akwai layukan alli a bango
inda na auna tsawon 'yata,
daga baya na koma auna tsawon ruwa.
Ruwa ya fi ta saurin girma.

Wening haske ta gani, kuma ba ta yi ƙarya ba:
hasken yana da kyau.
Ni ma ban taɓa ganin rufin nan da kyau haka ba,
ko ranar da yake sabo.

Jiya aka manna jan ɗigo a gefensa.
An saye.
Kuɗinsa albashina ne na wata goma sha ɗaya.
Gidana zai koma hawa na arba'in
a falon wani,
inda ambaliya ba ta kaiwa.

Sai na ciro wayata, mai tsagaggen gilashi,
na tsaya daf, yadda aka hana baƙi tsayawa,
na ɗauka.
Fuskata ta fito a gilashin hoton,
cikin ruwa har haɓa,
daidai inda ƙofar take.

Na tura wa Sumiyati a Bekasi.
Alamar an gani ta fito. Shiru.
Babura suna wucewa a waje,
ƙadangaren bango ya yi kuka sau biyar.

Can ta rubuto:
Baba, ka ci abinci?