Wutar da Ta Kwana a Akwati

Bayan tashar Jega, inda masu albasa ke sauke kaya,
akwai rumfar kwano, can Labbo ya koya mini aiki.
Injin ɗan ƙarami ne, ja,
fentinsa ya goge a wajen mariƙi.
Ranar farko bai bar ni na taɓa shi ba,
tsintsiya ya miƙo mini.
Ya ce: share ƙasa, kwashe tsumman mai,
kai jarkar fetur can bayan dalbejiya.
In ka ga danshi, ko na alwala ne, jira ya bushe.
Wuta da ruwa in sun gaisa, kai ne goron gaisuwar.

Sati guda ina goge faranti da sanfefa,
tsatsa, fenti, maiƙon hannu,
har sai ƙarfe ya nuna mini fuskata.
Sannan mamatsai biyu na wayar ƙasa,
ɗaya dama, ɗaya hagu, su ciji ƙarfe da gaske.
Wayar da ta naɗe kamar gammo, warware ta.
Wadda fatarta ta tsage, ba a yi mata ɗaurin leda,
sabuwa ake saye, ko da kuɗin abincin rana.

Tabarau. Safar fata. Auduga a kunne.
Agogo da waya a bar su cikin aljihun rigar da ke rataye.
Wani dattijo mai na'ura a ƙirji ya zo karɓar aiki,
Labbo ya kai masa benci har bakin titi.

Sai ƙusa mai zare a bakin bindiga,
a tsai da ita sak, kada ta karkata,
a danna.
Tau!
Ƙiftawar ido ta fi shi daɗewa.
Tantabaru suka watse daga kan rumfa,
ƙusa ta tsaya kamar a nan aka haife ta,
bayan faranti ko tabo babu.
Labbo bai yaba ba. Guduma ya ɗauko ya lanƙwasa ta.
Wadda ta lanƙwashe ba ta cire ba, ita ce aiki.
Wadda ta fita, koma ka duba awon wutarka.

Shekara ta biyu na fara jin kaina.
Wata Laraba ya tafi ta'aziyya Aliero,
inji ya yi gardama.
Na kashe janareta, na zare soket, na kwance murfi,
na ce ai gawa ba ta cizo.
Sukundireba ya shafi kafasita.

Ban ji ƙarar ba, haske na gani.
Da na dawo hayyacina ina zaune cikin ɓawon albasa,
bakin sukundireba ya narke kamar alewa,
babban yatsana yana warin gashi.

Labbo ya dawo da la'asar, ya dubi murfin, ya dubi hannuna.
Mi kay yi? Shi ke nan abin da ya tambaya.
Ya wanke mini yatsa, sannan ya ce:
wannan akwati rumbu ne.
Don an bar gona, ba a ce hatsi ya ƙare ba.
Kashe shi, jira, bar shi ya zubar da abin da ya tara,
sa mita ta shaida maka babu saura.
In ba ka da mita, mayar da murfi, kira mai ita.

Yau shekara tara da rasuwarsa.
Rumfar tawa ce, injin na nan,
na canja masa baki sau ba adadi,
duk Alhamis ina hure masa ƙura, ina matse abin da ya saki.
Jiya aka kawo mini Arzika, ɗan ƙanwata,
idonsa duk yana kan bindiga.
Na nuna masa yatsana, bai tambaya ba.
Na miƙa masa tsintsiya.