Littafin Bashin Mai Kyamis

Kyamis gare ni a Ƙofar Marusa,
damina ce kakata.
Ranar da kwatar bayan masallaci ta toshe
na san ledojin ƙarin ruwa ba za su kai Juma'a ba.

Barau ya shigo da Tambai a kafaɗa,
idonta ya faɗa kamar rijiyar bazara.
Leda uku, allura biyu:
dubu tara da ɗari biyar.
Ya ba ni huɗu, na rubuta saura.

Na buɗe shafin bara, ga sunansa.
Na bara waccan, ga shi dai.
Da dare na tara bashin layinmu kaf,
sai ga kuɗin shebur goma da baro huɗu,
da ladan masu yasa har kaka,
da murfin rijiyar Ladidi,
har da canjin goro.

An ce za a ƙara ɗaki a asibiti. Madalla.
Gado yana da fenti, ana ɗaukar hoto da shi.
Wa zai tsaya hoto da kwata?
Yaron da bai kwanta ba
ba ya cikin lissafin kowa.
Rufi na yoyo, mu muna cinikin ƙwarya.

Ban cire kaina ba.
Babur ɗin nan da nake hawa,
amai da gudawa suka saya mini.

Gobe Asabar zan ari shebur wurin Barau.
In ciniki ya ragu, ya ragu.
Tambai dai ta fara shan kunu.