Shafi Uku na Ƙarshe

Ranar Asabar, in an sallame la'asar,
nakan tura keken ɗinki jikin bango,
in karkaɗe zare daga cinyata,
in jira su nan bayan Kasuwar Barci,
inda injin markaɗe ke cinye mana rabin magana.

Hansatu ke riga kowa,
warin asibiti bai gama sakin mayafinta ba.
Ta ce, "Na gama na direban tankar nan.
Marubucin bai taɓa zaman jinya ba, ko kaffara ba zan yi ba.
Mutum ya ƙone rabin jiki,
babi biyu ya miƙe yana zuba kamar kanya?
Amma inda uwarsa ke ƙirga kuɗin magani,
ta sake ƙirgawa ko za su ƙaru,
nan na kife littafin, na fita tsakar gida,
na tsaya, na rasa me na fito nema."

Jatau sai ya hau mota biyu daga Kakuri.
Shekara goma sha tara ya yi a masaƙa
kafin a danna wa ƙofar kwaɗo,
shi ya sa yake duba labari kamar yadi:
ya ɗaga shi ga haske, ya nemi inda zare ya tsallake.
"Nawa saƙarsa sako-sako ce," in ji shi.
"An kashe mai gadi a shafi na arba'in,
har littafi ya ƙare
ba wanda ya je wa matarsa gaisuwa.
Ni ita na yi ta jira."

Ni nawa na aro ne, daga hannun Malam Barau,
bango ya sha salatif, gefe ya sha manja.
Labarin wata mai gyaran rediyo ne
da ƙanenta da ya tafi su, bai dawo ba.
Dare huɗu ina bin ta da fitilar waya,
har na ɗinka wa wani aljihu a baibai.
Jiya ta iso bakin kogi.
Ga wani tsaye cikin kwalekwale, ya ba ta baya.
Ta buɗe baki za ta kira suna,
sai na ci karo da bango.
Shafi uku babu. An yage.

Malam ya ce shi ma haka ya saye shi,
a ƙasa, bakin tashar Kawo,
shekara shida ke nan yana tsaye a bakin kogin.

Hansatu ta ce, "Ƙanen ne mana,
wa zai wahalar da mace haka ya sallame ta hannu rabbana?"
Jatau ya ce, "Rayuwa.
In marubucin nan mai gaskiya ne, wani ne zai juyo,
ya tambaye ta ko kifi take so."
Suka kaure har shayi ya huce,
biyunsu ba wanda ya karanta ko layi ɗaya.
Malam dai yana murmushi, yana goge tabarau,
ya ce wata mai ƙosai ta san ƙarshen,
ko wanda ya ci ƙosan.

Tun daga ranar ban yar da takardar ƙosai ba
sai na shimfiɗa ta a gwiwa na duba.
Na samu lissafin wani yaro, an ba shi uku bisa goma.
Na samu rasit ɗin siminti.
Na samu rabin wasiƙar neman aiki,
mai ya ratsa daidai sunan mai ita.

Shekaranjiya ina kan gada, cunkoso ya tsai da mu,
na hango wani a ruwa yana jan koma,
ya ba gari baya.
Ban san shi ba.
Sai da mai babur ya ce, "Me ka ce?"
na gane na buɗe baki.