Huhun Goro, Ankara zuwa Ikko

Ankara ba ta da matsayar jirgi.
Can nesa ya tsaya yana tarin hayaƙi,
ƙato ya saɓo ni a wuya kamar ɗan yaye
ya dire cikin kwalekwale.

Igiyar ruwa ta miƙe tsaye.
Mijinyawa, mai cika baki a zango,
ya kama salati har da majina.
Aka zuro kujera daga sama,
aka janye ni kamar guga.

Ubana wata uku yake yi daga Gwanja,
jakai arba'in, kuɗin fito a kowane kogi,
ya san kabarin kowane madugu.
Ni kwana biyu, da 'yar takarda a aljihu.

Turawa na sama, ƙararrawa ke kiransu cin abinci.
Mu muna tsakanin awaki da sarƙa,
ina yayyafa wa goro ruwan shana
kada gishiri ya lashe shi.

La'asar ta yi, na tambayi mai zuba kwal gabas.
Ya nuna hancin jirgi.
Kafin in sallame, hancin ya karkata.

Babu sawu a bayanmu, Baba.
Me zan nuna wa ɗana?